Nono Ba Ruwa Ba Ne: Mu Lura Da Mahaɗin Maganinmu

Duk wanda ya taso a yankinmu na Birnin Kudu da Gwaram ya san wannan magana: "A daka, a tankaɗe, a zuba a nono, a sha safe da yamma." Haka masu maganin gargajiya da yawa suke sallamar mutum, ko a kasuwar Sara ko a bakin tasha. Mu ma da muka zo makaranta ba mu bar al'adar ba. Ƙullin maganin basir ko na shawara yana cikin jaka, mahaɗinsa kuwa nono ko madarar gwangwani. Ni dai a ganina, nono ba ruwa ba ne. Yana iya rage wa magani ƙarfi, yana iya ƙara masa, don haka bai kamata mu riƙa zuba komai a cikinsa ido rufe ba.

Mu ɗauki bagaruwa, wadda ake sha saboda gudawa. Me ya sa majema suke jiƙa fata a ruwanta? Saboda tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda yake kama furotin ya ƙulle shi. Shi ne baurin nan da kake ji a baki. To, nono ma cike yake da furotin. Idan ka haɗa su a kwano ɗaya, wani ɓangare na tanin ɗin zai kama furotin ɗin nonon tun kafin ka kai baki. Ai ka ga yadda baurin shayi yake kwantawa da zarar mai shayi ya zuba madara. A magani irin wannan kuwa, baurin shi ne aikin da kake nema.

Inda abin ya fi damuna shi ne masu haɗa na asibiti da na gida. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana riƙe maganin Ciprofloxacin da ake bayarwa don taifot, da kafson Tetracycline, ya hana hanji tsotse su yadda ya kamata. Haka yake rage amfanin ƙwayar ƙarin jini. Sai ɗalibi ya haɗiyi Cipro, nan take ya bi da garin magani a nono, wai don ya yi wa cutar taron dangi. Alhali ya raunana maganin da hannunsa, ƙwayar cutar ta samu damar sabawa da shi.

Wani zai ce, "Kakanninmu sun daɗe suna sha da nono, me ya same su?" Maganarsa tana da gaskiya a ciki. Nono yana rage ɗaci, kuma wasu sinadaran sai da maiƙo suke shiga jini sosai. Maganin zazzaɓin cizon sauro Coartem ma ana son a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Amma shi an auna, an san adadinsa. Garin da ke cikin leda fa, wa ya auna? Idan maiƙo ya ƙara masa shiga jini, hanta da ƙoda ne za su ɗauki nauyin.

Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai mai sauƙi ce. Ka tambayi mai maganin dalilin da ya sa ya ce a sha da nono. Ka raba nono da maganin asibiti da aƙalla awa 2, sai dai idan likita ya ce a haɗa. In ciwo ya kai ka asibitin tarayya na Birnin Kudu ko wani asibitin, kada ka ɓoye abin da ka sha a gida.

Ku kuma 'yan sashen kimiyyar gwaje-gwaje, ga batun furojet a ƙofar gida. Ku auna tanin ɗin bagaruwa da sabara a ruwa, ku sake aunawa a nono, ku kawo mana sakamako a wannan mujalla. Masu magani sun gaji sanin itatuwa, mu kuma an koya mana awo. In aka haɗa biyun, marasa lafiyarmu ne za su amfana.