Gidajen kaso: a ƙidaya mutane kafin a ƙidaya bulo

A ƙasar nan ba a tunawa da gidan kaso sai ranar da aka fitar da gawa ko aka fasa ƙofa. A 1999, zamanin riƙon ƙwaryar Dauda Malam Wanke, ƴan kaso 29 suka mutu dare guda a babban gidan kason Yamai, bayan an cusa su cikin wani ɗakin da iska ba ta shiga. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 3 ga Satumba, aka sa hannu kan dokar da ta tsara yadda za a tafiyar da gidajen kaso. Ran 1 ga Yuni 2013 aka buɗe wuta cikin wannan gida dai, aka kashe masu gadi, mutum 22 suka tsere. Gidan kason Kutukale, wanda aka gina domin masu manyan laifuka, an kai masa hari a 2016 da 2019, a watan Yuli na 2024 kuma wasu ɗaurarru suka fasa shi suka gudu. Kowane karo abin da ke biyo baya guda ne: manya su kai ziyara, a yi jawabi, a yi alkawarin ƙara tsawon katanga. Ihu bayan hari ke nan, ba tsari ba.

Tsari yana farawa da ƙidaya. Ɗan kasuwar da ke babbar kasuwar Maraɗi ba ya ƙara gina sito sai ya san buhu nawa ke shigowa, nawa ke fita, nawa kuma suka daɗe a jibge har ƙwari suka fara ci. Abin da ɗan kasuwa ke yi wa buhun wake, shi ya kamata hukuma ta yi wa ɗan Adam.

Gidan kason Yamai tun 1947 Turawan mulkin mallaka suka gina shi, domin mutum ɗari uku da hamsin. A shekarun 2010 mutanen da ke ciki sun haura dubu. Duk wanda ya ji wannan zai ce maganin a fili yake, a gina sabo, kuma ba wanda zai yi musun cewa ginin da ya haura shekara saba'in ya gaji. Amma kafin a kira ɗan kwangila akwai tambayar da ta riga bulo: su wane ne a ciki? Rahotannin waɗannan shekaru sun yi ta maimaita abu guda, cewa fiye da rabin mutanen da ke tsare a gidajen kason Nijar ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Wato fiye da rabin tuwon da ake tuƙawa, da fiye da rabin tabarmin da ake shimfiɗawa, na mutanen da doka ke ɗauka marasa laifi ne har ranar da alƙali zai faɗi akasin haka. Cunkoson da ake gani a kaso, asalinsa yana biron alƙali mai bincike, inda dosiye ke kwana bisa dosiye. Idan aka gina gida mai ɗaukar mutum dubu biyu alhali takardu na tafiyar hawainiya, cikin ƴan shekaru zai cika, a sake zama inda aka taso, sai dai an kashe miliyoyi.

Doka ta ƙayyade tsawon lokacin da za a iya tsare mutum kafin a yi masa shari'a. Wa ke riƙe da kalandar? Manomin da aka kamo daga wani ƙauyen Tanut ko Madawa bai san ranar da wa'adinsa ya cika ba, lauyoyi kuwa kusan dukkansu a Yamai suke zaune. An kafa hukumar ba da agajin shari'a ga marasa ƙarfi, ANAJJ, da dokar 2011, kuma tunani ne mai kyau. Abin da za a auna ta da shi shi ne yawan mutanen da ta fitar daga tsarewar da ta wuce ƙa'ida, ba yawan tarurrukan ƙara wa juna sani da aka yi a otel ba.

A nan akwai maganar da ba za ta yi wa wasu masu karatu daɗi ba. Cikin masu jiran shari'ar nan akwai waɗanda bashi ya kai su. Ɗan kasuwa ya ba yaronsa ko abokin hulɗarsa kaya, ciniki ya karye, maimakon ya kai ƙarar neman haƙƙinsa sai ya nufi jandarma ko komisariya ya ce an ci amanarsa, domin ya san in aka kulle mutum dangi za su yi karo-karo su biya. Wani lokaci cin amanar gaskiya ne, wani lokaci kuwa asara ce irin wadda kowane mai saye da sayarwa ya sani. Ko ma wanne ne, baitulmali ke ciyar da wanda aka kulle, shi kuma ba ya iya neman abin da zai biya da shi. Mai bin bashi bai samu kuɗinsa ba, iyalin wanda ake bi sun rasa mai cefane, hukuma ta ƙara baki guda a kan tukunya. Duk tsarin da bai ware irin waɗannan dosiyoyi ya ƙidaya su daban ba, bai san abin da ke cika masa ɗakuna ba.

Dokoki kam ba a rasa su ba. Tun kundin hukunta laifuka da na bin bahasi na 1961 akwai ɗaurin je-ka-gyara-halinka, akwai kuma sakin talala ga wanda ya ci wani kaso na wa'adinsa ya nuna halin kirki. Afirka ta yi sanarwar Kampala a 1996 kan halin gidajen kaso, ta yi ta Kadoma a 1997 kan hukuncin yi wa jama'a aiki maimakon ɗauri, bisa abin da Zimbabuwe ta gwada, ta yi ta Wagadugu a 2002. A gida an yi babban taron gyaran shari'a a Yamai a watan Nuwamba na 2012. A watan Maris na 2017, Maru Amadu yana ministan shari'a, aka fitar da dokar da ta kafa hukuncin aikin amfanin jama'a, da wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin tafiyar da gidajen kaso, da wadda ta tanadi ma'aikata na musamman domin kula da su.

Sai dai hukuncin aikin jama'a ba a takarda yake rayuwa ba. A ce alƙali a Tawa ya yanke wa saurayin da ya saci wayar salula hukuncin sharar asibiti ko gyaran magudanar ruwa. Wa zai karɓe shi da safe? Wa zai rubuta cewa ya zo, ya kuma sanar da alƙali ranar da bai zo ba? Wa zai ba shi tsintsiya da baro, wa zai biya magani in ya ji ciwo a bakin aiki? In ba a tanadi mutum guda mai rajista da babur da kuɗin mai a kowace kotu ba, in ba a zauna da ma'aikatar magajin gari da shugabannin asibitoci da na makarantu an tsayar da wuraren aiki ba, alƙali zai koma ga abin da ya sani, domin shi ma yana tsoron a ce ya karɓi cin hanci ya saki ɓarawo. Jama'a ma suna da hakkin a yi musu bayani. Wanda aka sace wa waya, in ya ga ɓarawonsa a titi washegari ba tare da wani ya gaya masa hukuncin da aka yanke ba, cewa zai yi shari'a ta mutu, kuma daga nan ne ake fara ɗaukar doka a hannu. Masu unguwanni da limamai da sarakunan kasuwa, waɗanda tun fil azal su ke sasanta irin waɗannan ƙananan rigingimu, bai kamata a tsara abin a bayan idonsu ba.

Haka batun masu gadi. An daɗe ana tafiya da wani tsari mai kai biyu: gidajen kaso na ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, amma sojojin Gardi Nasiyonal da ke tsaronsu na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Sojan da aka horar domin riƙe bindiga ba laifinsa ba ne in bai iya koya wa ɗan kaso ɗinki ko walda ba. In abu ya ɓaci kuma, kowace ma'aikata sai ta nuna ƴar'uwarta da yatsa.

Afuwar shugaban ƙasa ita ce ƙofar da aka fi saurin buɗewa. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, Mahamadu Isufu ya yi wa mutum 1,540 afuwa. Matakin ya dace da lokacinsa, amma ya bar tambayar da ta fi kowace muhimmanci: cikin waɗannan 1,540, nawa suka sake dawowa kaso bayan shekara guda, nawa bayan uku? Amsarta ita za ta nuna ko zaman da suka yi ya gyara su, ko kuwa tun farko bai kamata a ɗaure da yawa daga cikinsu ba. Irin wannan tambaya ce ya kamata a yi wa kowane shagon koyon sana'a da wata ƙungiya ta buɗe a Kollo ko Daikaina, da cibiyar yara ta Dakoro. Hoton ranar buɗewa da kekunan ɗinki ashirin a jere ba sakamako ba ne. Sakamako shi ne a je bayan shekara biyu a ga keke nawa ke aiki, da mutum nawa cikin waɗanda suka koya ke cin abinci da sana'ar a garinsu.

Masu cewa ƙasar da ke fama da yaƙi da yunwa ba ta da kuɗin ɓarnatarwa kan ɓarayi suna da hujjarsu, kuma ba za a raina ta ba. Amma ƙidaya ba ta cin kuɗin da gini ke ci. Kuma yaƙin ma shi ya sa abin ya zama na gaggawa, domin ɗakin da ya haɗa yaron da ya saci akuya da wanda aka kamo da bindiga a bakin iyaka ya zama makaranta, kuma kowa ya san wane ne malamin. Su ma masu rabon kasafin kuɗi, da sun waiwaya da sun ga ƙofar nan ba ta san babba ba: Hama Amadu ya zauna Kutukale a 2008, ya zauna Filinge a 2015, Mamadu Tanja kuma, wanda ya mulki ƙasar shekara goma, an kai shi Kollo a 2011.

Abin da ake nema daga ma'aikatar shari'a bai fi ƙarfinta ba. Kowane wata uku ta fitar da takarda guda, gida bayan gida, daga Diffa zuwa Tera: mutum nawa aka gina shi ya ɗauka, nawa ke ciki, nawa ke jiran shari'a da tsawon jiran kowannensu, nawa ne mata da yara, nawa suka mutu da abin da ya kashe su, nawa aka yanke wa aikin jama'a, nawa suka kammala shi, nawa suka dawo bayan an sake su. A manna ta a ƙofar kowace kotu, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Mai gabatar da ƙara na kowane gari kuma ya riƙa shiga kaso da kansa sau ɗaya a wata, rajista a hannu, ya kira sunan duk wanda wa'adin tsarewarsa ya cika, ya sa hannu a sake shi ko a gurfanar da shi cikin makon.