Korona Da Hanta: Sai Bango Ya Tsage

Cutar nan ta korona, wadda ta fara ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019, ta iso Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, ta shiga Kano cikin Afrilun wannan shekara. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa lokacin ta-ɓaci ya wuce. To, amma ƙwayar cutar ba ta bar duniya ba, kuma akwai wani darasi da ta bari wanda mu ke ganin bai kamata a yar da shi tare da takunkumin hanci ba.

Galibin jama'a sun ɗauka korona ciwon huhu ne kurum. Alhali kuwa tun cikin Maris na 2020 likitocin ƙasar Sin suka bayyana cewa cikin marasa lafiyar da aka kwantar a asibitoci dabam dabam, daga kashi 14 har zuwa kashi 53 cikin 100 awon jininsu ya nuna hanta ta taɓu. Masana sun kawo dalilai huɗu. Na farko, ƙofar da ƙwayar cutar ke bi ta shiga jiki akwai irinta a hanyoyin matsarmama da ke cikin hanta. Na biyu, in jiki ya tashi yaƙi da cutar, wani lokaci faɗan ya kan wuce kima har ya yi ɓarna a gida. Na uku, in huhu ya kasa, iskar da jini ke kai wa hanta sai ta ragu. Na huɗu kuwa, magungunan da a ke ɗura wa majiyyaci, gama yawancin abin da mutum ya haɗiya sai ya bi ta hanta an tace shi.

Ga mai lafiyayyar hanta, wannan taɓuwa yawanci ƙarama ce, ta kan warware da kanta in ya sami sauƙi. Wanda ya shiga uku shi ne wanda tun can hantarsa ta riga ta yi tabo ta ƙandare. Likitocin Jami'ar Oxford ta Ingila da na Jami'ar North Carolina ta Amurka sun tattara labarin mutum 745 masu tsohon ciwon hanta da suka kamu da korona. Cikin waɗanda hantarsu ta ƙandare, kashi 32 cikin 100 suka rasu, cikin sauran kuwa kashi 8. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne maganar ta shafe mu. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100, daga ɗan shekara 15 zuwa 64, suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, wadda ita ce ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke ƙandarar da hanta. Watau a makarantar da ke da malamai 25, ba abin mamaki ba ne a sami biyu. Mafi yawansu ba su sani ba, domin hanta ba ta da raki. Mutum ya kan yi shekaru yana zuwa aiki, sai ran da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, sa'an nan a ce shawara ce, a shiga jiƙa sassaƙe, alhali aikin gama ya gama.

Saboda haka muna kira ga masu karatunmu, tun ba malaman makaranta da akawunan ofis ba, waɗanda jama'ar gari ke kawo wa takarda su karanta, su kuma nemi shawararsu. Kowa ya tafi asibiti a auna jininsa, shi da iyalinsa. Wanda aka samu ba shi da ƙwayar, ya karɓi allurar rigakafi. Wanda aka same shi da ita kada ya firgita, gama akwai maganin da ke danne ta, likita ne zai faɗi ko yana bukata. Tun 2004 aka sa wannan allura cikin na jarirai a Nijeriya, kuma ta farko an fi so a yi ta kafin jariri ya cika awa 24, ba a jira sai an yi suna ba. Wanzami kuma kada ya yi wa yara biyu aiki da aska ɗaya.

Sa'an nan a yi hattara da shan magani barkatai. Farasitamol mai miligiram 500, babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana ba, mai ciwon hanta kuwa sai yadda likita ya yanka masa. Mutum ya sha na kemis, ya ƙara da na mai talla a bakin tasha, ya bi da jiƙo, duk hanta ɗaya ce za ta ɗauki kayan.

Muna kuma roƙon hukumomin lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi su sauƙaƙa kuɗin awon, su kai shi ƙananan asibitocin ƙauye. Wata annoba tana iya zuwa ba sallama, kuma yadda ta tarar da mutum haka za ta yi da shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.