Tanbihi ga malamai da almajirai a kan zaƙami da maganin Turawa

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai na ƙasar Zuru, ku sani wata magana ta shigo majalisu tun da anka ji ta a rediyo, cewa likitocin Turawa sun koma yi wa masu damuwa da firgita magani da abin da ke juya hankali. Bokaye da masu tallar saiwa sun riƙe ta hannu bibbiyu, suna cewa ga shi Bature ya gano abin da kakanni sunka sani, don haka zaƙami magani ne ga mai taɓuwa. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Da lokacin zaman lafiya ne da mun ƙyale su, amma tun da anka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wajen Sakaba a watan Maris na 2022, har zuwa ɗaukar 'yan matan makarantar Maga a Nuwamba ta 2025, gidaje sun cika da waɗanda barci ya ƙaurace wa, danginsu kuwa duk wanda ya ce ga magani sai su bi shi.

Asalin labarin gaskiya ne, ba mu musunsa. A ranar 1 ga Yuli 2023 ƙasar Ostireliya ta yarje wa wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosibin, abin da ake samu a jikin wata irin laimar kwaɗi, ga mai baƙin cikin da ya gagari sauran magunguna, su kuma ba da MDMA ga wanda firgita ta ƙi saki bayan ya ga bala'i. To, ku dubi yadda ake yi. A gwaje-gwajensu ana auna silosibin miligiram 25, kimanin nauyin ƙwayar dawa guda. Ana zaunar da majiyyaci sa'a 6 zuwa 8, masu tsaro na tare da shi, an kuwa shirya shi kwanaki kafin nan. Abin da ya fi duka, ba su karɓar wanda ya taɓa hauka, ko wanda akwai hauka a danginsa na kusa, domin tsoron kada ya tayar da ita. Ashe wanda boka ke ɗura wa zaƙami shi ne ainihin wanda Bature ke korewa daga bakin ƙofa.

Kuma Turawan ba su haɗu a kan magana guda ba. A watan Agusta na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi yarda da MDMA, ta ce a sake gwaji. An kuma sami ƙarar cewa wani mai jinya ya ci amanar wata mace a cikin gwajin, alhali ana ɗaukar hoton zaman. In haka ta faru a gaban na'ura, me kuke zato ga 'yarku da kunka bari a ɗakin boka, ƙofa a rufe, hankalinta a gushe, gobe kuwa ba za ta tuna kome ba?

Sa'an nan zaƙami da silosibin ba jinsi ɗaya ba ne. Mutanenmu ba su kira shi haukata-yaro don wasa ba. Wanda ya sha shi bakinsa kan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi, zuciya ta riƙa gudu, fitsari ya tsaya, ya dinga zance da waɗanda ba su nan yana tsintar abin da babu a ƙasa, yini guda ko fiye. Sai boka ya ce aljani ne ke magana. Dafi ne ke magana. Wani kuwa daga nan sai kabari.

In mai karatu ya ce, ai malaman Malikiyya sun sassauta, sai mu ce ka karanta, amma ka tsaya a rabin shafi. Ƙarafi, malamin Misira wanda ya rasu a 684 ta Hijira, ya raba waɗannan abubuwa uku a cikin al-Furuƙ: muskiri mai gusar da hankali tare da nishaɗi kamar giya, da mufsidi mai ruɗa hankali ba tare da nishaɗi ba, da murƙidi mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Na farko kaɗan ɗinsa da mai yawansa haramun ne. Biyun ƙarshe an yarda da ɗan abin da bai kai ga taɓa hankali ba. To, wa ya san kaɗan ɗin zaƙami? Ƙarfinsa na sāɓawa daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa 'ya'ya, abin da ya bar wani jiya ya kashe wani yau. Boka kuma ba kaɗan yake nufi ba, gushewar hankalin ita ce hajarsa, da ita yake nuna aikinsa ya ci.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu gaggawar cewa duk abin da ya taɓa hankali haramun ne ko a hannun likita, ku yi sannu. Malamai sun halatta murƙidi domin yanke gaɓar da ta lalace, kuma da shi ake yi wa matanku fiɗa a asibiti. Mas'alar silosibin tana jiran sharuɗɗanta: likita gwani amintacce, da gwargwado sananne, da rashin wani magani, da rinjayen amfani a kan cuta. Babu asibitin gwamnati a Najeriya da ke ba da shi, duk wanda ya ce yana da shi a jakarsa kuɗinku yake so.

Wanda ke da mai taɓuwa ko mai firgita a gida, ya yi masa addu'a, ya cire masa mari, ya kai shi asibiti, in ta kama a wuce da shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. In an riga an shayar da shi zaƙami, kada a jira ya sake shi, kada a ɓoye wa likita don kunya, a tafi da ragowar abin da ya sha a hannu.