Hoton Ciki Ba Leƙen Gaibu Ba Ne

A zangunanmu, daga Nima zuwa Aboabo, mace na samun juna biyu sai ta ja bakinta ta yi shiru har ciki ya fito, don kunya da tsoron bakin mutane. Ba mu ga laifin ɓoye wa maƙwabta ba. Abin da muka ƙi shi ne a ɓoye wa asibiti, sannan maigida ya fake da cewa hoton ciki leƙen gaibu ne.

Wane gaibu? Na'urar sauti take aikawa, wanda kunne ba ya ji, ya dawo da siffar abin da Allah ya riga ya halitta. Ba ta san arzikin ɗa ba, ba ta san ajalinsa ba. Kuma ba irin hoton ƙashi ba ne, balle a ce haskensa zai taɓa jariri.

Aikin kansa bai kai a tayar da hankali ba. Sau da yawa za a ce mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, a shafa mata wani mai sanyi a mara, a zagaya da ɗan abin awo na 'yan mintoci. Idan cikin ƙarami ne ƙwarai, akan duba ta gaba. A nan tana da ikon neman mace ta duba ta, kuma haƙƙin mijinta ne ya tsaya mata a kan haka.

Wajen mako na 6 zuwa na 7 ake fara ganin bugun zuciya. Ana ƙidaya makonnin ciki, a gane ko tagwaye ne. Mafi girma duka, a gane inda cikin ya zauna. Wani yakan maƙale a bututun ƙwai, wajen mahaifa. Idan ya girma sai bututun ya fashe, jini ya zuba a ciki inda ido ba ya gani, ana ta dama mata jiƙo ana cewa murɗa ce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako na 24.

Abin takaici, mazan da suka hana a wata na biyu su ne ke rige-rigen biyan kuɗi a wata na biyar, lokacin da ake iya gane mace ce ko namiji. A nan ba mu taɓa jin wani ya ambaci gaibu ba.