Tsoron Asibiti Ya Kusa Cinye Mana Yaro: Darasin Korona Ga Matasan Haɗejiya

Duk wanda yake Haɗejiya a watan Mayun 2020 ba zai manta ba. Ana azumi, makarantu a rufe, ga labarin yawan mace-mace a Kano, sai kuma aka fara cewa abin ya iso garinmu. A wannan lokacin ne zazzaɓi ya kama ɗan yayata mai shekara biyu.

Na ce mata, "Yaya, mu kai shi asibiti mana." Ta ce, "Rufa min asiri! Ba ka ji saƙon nan ba? Duk wanda ya je da zazzaɓi korona za a ce, a killace shi." Sai aka sayo farasitamol a kemis. A dare na uku ya fara jijjiga. Muka ɗauke shi a babur zuwa sashen gaggawa na yara, likita ya ce maleriya ce, har jininsa ya yi ƙasa. Sai da aka ƙara masa jini. Allah Ya tashi kafaɗunsa, yanzu yana firamare.

Abin da har yau yake damuna: wancan saƙon muryar da ya tsorata ta, ni na tura shi a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, hukumar CDC ta ce zuwa sashen gaggawa ya ragu da kashi 42 cikin 100 a farkon annobar, kuma raguwar ta fi tsanani a tsakanin yara. A nan ɓangarenmu abin ya fi muni, domin cututtukan da ke kashe yaranmu ba su tafi hutun kulle ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maleriya ta kashe mutum 627,000 a 2020, ƙarin 69,000 kan na 2019, kuma kusan 47,000 na ƙarin suna da nasaba da cikas ɗin da korona ta kawo wa magani da rigakafi. Mafi yawan mamatan yaran Afirka ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Garin gudun gara, aka faɗa gidan zago.

Me ya sa nake tono wannan yanzu? Saboda annoba ba ta sallama. Bayan korona mun ga kwalara a 2021, mun ga mashaƙo a 2023. Ga mu kuma a bakin kogi, fadama da gonakin shinkafa sun zagaye mu, sauro ba ya yankewa. A ambaliyar 2022 hanyoyi sun yanke a yankunan Auyo, Guri da Kirikasamma, wasu sai da kwalekwale suke fitowa. Wanda tafiya kaɗai za ta ci masa awanni, ina ya ga lokacin jira "a ga yadda zai kwana"?

Don haka mu haddace waɗannan alamomi. Yaro ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko numfashinsa ya yi sauri ƙirji yana lotsawa, ko ya yi laushi ba a iya tashinsa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat: asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, ko ana kulle.

Gwamnatin Jigawa ma da nata aikin. Duk ranar da wata annoba ta ɓulla, a fito a rediyo da masallatai a faɗa ƙarara cewa sashen gaggawa na yara a buɗe yake, a kuma ba ma'aikatan lafiya kayan kariya don kada su ma tsoro ya kama su.

Amma mu ne masu waya, mu ne masu babur, mu iyaye suke tambaya, "Wai gaskiya ne?" Kafin ka tura saƙon da ba ka san tushensa ba, ka tuna akwai uwa a gurup ɗin, da yaro mai zazzaɓi a cinyarta.