Ɓalle kwaɗo a wasa ba koyon sata ba ne

Iyaye kan tsorata in sun ga yaro yana ɓalle kwaɗo a wasan bidiyo. Ku kwantar da hankali: a Skyrim juya ɗan ƙarfe kawai ake yi har a dace, ba ya buɗe ƙofar kowa.

Na fi son kutsen kwamfuta na Fallout 3, wasan 2008. A ba ka jerin kalmomi, ka gwada sau huɗu. In ka kuskure, a faɗa maka haruffa nawa suka zauna daidai gurbinsu. Wannan aikin tunani ne.

Wasan kansa na manya ne, cike da zubar da jini, kada a bar wa yara. Amma malamai, ku ari dabarar: da alli da allo, ƴan lakwal su gano kalmar da kuka ɓoye.