Kariyar Ɗaukar Keken Hawa Dutse: Ka Fara Duba Motarka Kafin Ka Duba Farashi

Wanda ya sayi keken hawa dutse ba ya daɗewa yake gane cewa wurin da ake morar keken ba a ƙofar gida yake ba. Duwatsun Shere suna Jos, Kufena na gefen Zariya, tuddan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Usuma kuma suna bayan garin Abuja. Dole sai an ɗora keken a mota an kai shi. Nan ne ake buƙatar kariya, wato ƙarfen nan da ake ɗaura wa mota don ɗaukar kaya, kamar yadda direbobi ke kiran sa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ga keken hawa dutse na zamani, a kan irin hanyoyinmu, kariyar da ta fi dacewa ita ce wadda ake sa wa a mahaɗar jan tirela ta bayan mota, mai faranti da keke ke tsayawa a kai, wadda ke riƙe tayoyi ba gangar jikin keke ba. Sai dai wannan shawarar tana da sharaɗi: sai motarka ta yarda. Yawancin masu saye suna farawa ne da hoto da farashi a shagon intanet, alhali littafin motar ya kamata su fara buɗewa.

Me ya bambanta keken dutse da sauran kekuna?

A tsaunukan gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara wannan wasa cikin shekarun 1970, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Kekunan wancan lokacin ba su da nisa da keken da muka saba gani: gangar jiki mai kusurwa uku, da sandar sama miƙaƙƙiya da za ka iya rataye keken da ita. Tsohuwar kariya mai hannaye biyu da ake rataye keke a kai, da irin wannan siffa aka tsara ta.

Keken yau ya canza. Sandar sama ta karkata ƙasa sosai, kuma a da yawa daga cikinsu shokazoba ta cika tsakiyar kusurwar, babu inda hannun kariya zai shiga. Tayoyi sun koma inci 27.5 ko 29, kaurinsu kan kai inci 2.3 zuwa 2.6. Faɗin hannun keke kan kai santimita 76 zuwa 80, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya kuma takan wuce santimita 120. Nauyi yana tsakanin kilo 12 zuwa 16, mai batir kuwa yakan haura kilo 20. Wasu kuma da kabon aka ƙera gangar jikinsu, shi kuwa kabon ba ya son matsi a wuri guda. Yana iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba.

Mu masu rubuta manhaja mun saba da irin wannan matsalar. Kafin ka haɗa manhajoji biyu sai ka karanta abin da kowacce ke karɓa da abin da take bayarwa. Kariya ma mahaɗa ce tsakanin abubuwa biyu, mota da keke, kuma dole ta dace da kowane ɓangare.

Kariyar but: araha ba ta ado

Ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ita ce aka fi gani a shagunan intanet. Ana jingina ta a murfin but, a ɗaure ta da maɗaurai masu ƙugiya, galibi shida. Ba ta buƙatar kanikanci, kuma akwai masu inganci a cikinsu, irin Saris Bones da ta daɗe a kasuwa. Ga wanda zai ɗauki keke mara nauyi zuwa filin wasa a cikin gari, ta wadatar.

Matsalarta tana bayyana ne a doguwar tafiya. Yawancinsu kilo 15 zuwa 16 suke ɗauka a kan kowane keke, ka ga mai batir ya fita daga lissafi. Duk nauyin yana kan maɗauran leda da siririn ƙarfen murfin but. Kowane rami da kowane tudun rage gudu yana ɗan sassauta maɗaurin, zafin rana kuma yana cinye ƙarfin zarensa a hankali. Idan ƙurar hunturu ta shiga tsakanin robar kariya da fenti, aikin sanfefa take yi. Kekuna biyu da aka rataye kusa da juna kuma suna ta gogayya har a isa.

Ba fenti ne babban abin damuwa ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan keke ya suɓuce a wannan gudun, wanda ke biye da kai, ko ɗan acaɓa ne ko bas cike da fasinja, ba shi da lokacin kaucewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ban ɗauki zaɓen kariya a matsayin maganar ado ba.

Kariyar rufi: tana da kyau a hoto, tana shan mai

Kariyar rufi ba ta tare but, ba ta rufe lamba ko fitila, kuma kekuna ba sa taɓa juna. Kamfanoni irin su Thule na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1942, da Yakima na Amurka, sun daɗe suna ƙera ta. Amma tana da haraji uku.

Na farko man fetur. Jan da iska ke yi wa mota yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: idan ka ninka gudu sau biyu, jan iska ya ninku sau huɗu. Alƙaluman ma'aikatar makamashi ta Amurka sun nuna cewa akwatin kaya a rufin mota yana rage nisan da mai ke kaiwa da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun babbar hanya, yayin da wanda aka ɗaura a baya bai wuce kashi 1 zuwa 5 ba. A kan akwati aka yi wannan awon, amma darasin ya shafi keke, domin shi ma iska yake tarewa. Wani bincike da aka fitar a 2016 daga cibiyar Lawrence Berkeley ya ƙiyasta cewa kariyoyin rufi sun jawo ƙarin shan mai na kusan galan miliyan 100 a Amurka a 2015. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan lissafin ya zama na aljihun kowa.

Na biyu tsawo. Corolla ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, amma da keke a kanta ta wuce mita biyu da rabi. A kan Highlander kuwa an doshi mita uku. Ka tuna rumfar ajiye mota, da sandar saman get, da wayoyin wuta da ke lilo a lunguna. Direba kan manta akwai abu a samansa, musamman bayan gajiyar hawan dutse.

Na uku ɗagawa. Ɗaga kilo 15 sama da kai bayan ka sha wahalar tudu ba wasa ba ne, kuma yawancin kariyoyin rufi iyakarsu kilo 20 ne. Idan kuma ka zaɓi irin wadda ake cire tayar gaba a ɗaure ƙafar keke, ka duba sandar da ke ratsa cibiyar tayar. Tsofaffin kekuna suna da siririya mai milimita 9, na zamani kuma mai kaurin milimita 15 da faɗin 100 ko 110, mai faɗin 110 ɗin ita ake kira Boost. Kariyar da aka yi wa ɗaya ba ta karɓar ɗayar sai da ƙarin mahaɗi.

Kariyar mahaɗar tirela: abin da ya sa na fifita ta

A nan keke yana tsaye ne a kan faranti, hannun kariya ya danne tayar gaba ko duka biyun, babu abin da ya taɓa gangar jiki. Siffar keken ba ta dame ta ba, kabon ne ko alminiyam. Ba ka ɗaga keken sama da gwiwa ko ƙugu. Nauyin yana sauka a kan ƙarfen da ke ɗaure da ƙashin mota, kuma keken yana fake a bayan mota, iska ba ta dukansa sosai. Da yawa daga cikinsu ana iya karkatar da su a buɗe but ba tare da an sauke keke ba.

Tana da nata aibin. Ta fi tsada, ita kanta takan kai kilo 15 zuwa 25, tana ƙara wa mota tsawo, tana rikita kyamara da na'urar gargaɗin baya. A ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa tana iya gogar ƙasa a gangaren get ko babban tudun rage gudu. Sannan ka lura da bakin salansa: idan yana hura wa taya zafi kai tsaye, zai iya lalata ta.

Babbar matsalar ita ce yawancin motocinmu ba su zo da mahaɗar ba, waɗanda suka zo da ita kuma iri biyu ne. Motar da aka shigo da ita daga Amurka ko Kanada tana da rami mai kusurwa huɗu, inci 1.25 ko inci 2. Wadda ta fito daga Turai kuwa ƙwallon ƙarfe gare ta mai faɗin milimita 50. Kariyar da aka yi wa rami ba ta hawa ƙwallo, haka ma akasin haka. Ka durƙusa ka duba bayan motarka kafin ka tura kuɗi.

Lissafin da ba a tsallakewa

Lambobi uku za ka nema. Nauyin da mota ko mahaɗa ta yarda a ɗora mata, nauyin kariyar kanta, da nauyin kekuna. Na biyu da na uku idan an haɗa su kada su wuce na farko.

A rufi, littafin mota ne ke faɗin iyaka, kuma a ƙananan motoci yawanci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, har da nauyin sandunan da aka gicciya. A mahaɗar Amurka mai aji na ɗaya, nauyin da aka yarda ya danna ta fam 200 ne, kusan kilo 90. A ta Turai za ka ga lambar a ɗan farantin da ke manne jikinta. Misali: kariya mai kilo 20 da kekuna biyu masu batir, kowanne kilo 24, sun tashi 68. Mahaɗa mai iyakar kilo 75 ta ɗauka, mai iyakar 50 ba ta ɗauka ba.

Kuma kada ka cika ma'aunin har baki. Nauyin yana rataye ne nesa da mahaɗar, yana yi mata aikin da dogon sifana ke yi wa noti. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, ƙarfin da ke dukan mahaɗar ya fi nauyin da aka auna a tsaye. Wanda ya san hanyarsa da ramuka ya bar rata mai kyau. Cire batir a sa shi cikin mota yana rage kilo uku zuwa huɗu a kan kowane keke.

To, mai walda fa?

Wani zai ce duk wannan tsada ta mece ce, alhali masu waldarmu za su haɗa irinta da rabin kuɗin? Tambayar tana da hujja, domin faranti da hannun riƙe taya ba su fi ƙarfin gwanin walda ba, kuma idan suka samu matsala ido na gani. Inda nake ja da baya shi ne mahaɗar kanta. Yawancin ƙananan motocin yau jiki da ƙashi a haɗe suke, da siririn ƙarfe mai tauri wanda zafin walda ke iya raunana shi. Shi ya sa mahaɗar da aka ƙera wa kowace mota da noti ake ɗaure ta, a wuraren da aka tanada. Wanda ya liƙa ƙarfe a jikin bamba ko ƙasan but bai san kilo nawa zai ɗauka ba, kai ma ba ka sani ba. Ka nemi mahaɗar da aka yi wa samfurin motarka da shekararta, ko da ta hannu ce, bakanike ya ɗaura.

Kada kuma a manta lamba da fitilu. Kariyar baya tana iya rufe lambar mota da fitilar birki da sigina, kuma wannan ya isa jami'an kiyaye haɗurra su tsayar da kai, da gaskiyarsu. Kariyoyin Turai galibi suna zuwa da nasu fitilun da wurin maƙala lamba, ana jona su da soket mai fil 7 ko 13. Idan taka ba ta da su, ka tsaya bayan motar da daddare wani ya taka birki ka gani da idonka.

Idan kuɗi bai kai ba

Ba dole ne a sayi kariya ba. Mai Sienna ko wata mota mai faɗin baya ya kwantar da kujeru, ya cire tayar gaba, ya shimfiɗa tsohon bargo ya sa keken a ciki. Babu ƙarin shan mai, babu ruwa, babu ɓarawo a wurin tsayawa cin abinci. Abin lura ɗaya: idan birkin keken mai aiki da ruwan mai ne, ka cusa ɗan roba ko kwali tsakanin takalman birkin bayan cire taya, domin idan aka matsa hannun birki za su haɗe, mayar da taya ya zama aiki. Mai Hilux kuma katifar da ake yafa wa ƙofar baya ta ishe shi, a rataye tayar gaba a waje, a ɗaure.

Duk wadda ka zaɓa, ka tsaya bayan kilomita 10 zuwa 15 na farko ka girgiza keken da hannu, ka ƙara ɗaure abin da ya sassauta, ka kuma maimaita a duk inda ka tsaya. Wanda kuma aljihunsa bai kai kuɗin mahaɗa da farantinta ba tukuna, gara ya ci gaba da sa keken a cikin mota yana tara kuɗin, da ya ɗauki babbar hanya da maɗauran da bai san ƙarfinsu ba.